Kuɗinmu kaɗan ne: ta ina za mu fara taimaka wa ƙauyenmu kan rikicewar damina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar 'yan asalin wani ƙauye a ƙasar Gada, mazauna cikin garin Sakkwato. Mun yi karo-karo mun tara ɗan abin da Allah Ya hore, muna son mu taimaka wa mutanenmu saboda yadda damina ta rikice, ƙasa kuma tana mutuwa. Wasu daga cikinmu sun ce mu sayi dashen itatuwa mu raba, wasu sun ce gara injin ban ruwa mai aiki da sola. Ta ina ya kamata mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya saka muku da alheri, Ya sa a mizani. Shawarata ita ce kada ku fara da ko ɗaya daga cikin biyun. Dashe da injin sola duk suna da wurinsu, zan kuma zo kansu, amma idan kuɗin kaɗan ne akwai abubuwan da suka riga su. Kafin ku fitar da ko kwabo, ku zauna ku amsa tambaya guda: idan daminar bana ta ƙi, wane gida ne a ƙauyenku zai sayar da akuyarsa, ya cinye irinsa, ko ya jinginar da gonarsa kafin kaka? Waɗannan gidajen su ne abin nufi. Duk aikin da bai hana su rabuwa da abin da zai tashe su baɗi ba, to bai kai gare su ba, komai kyansa.

Mu fara da abin da ya canza, domin mutane da yawa suna ɗauka ruwa ne kawai ya ragu. Dattawanku sun ga farin 1972 zuwa 1974, sun ga na 1983 da 1984, kakanninsu kuma sun ba su labarin yunwar Kakalaba ta 1914. Fari tsohon baƙo ne a ƙasar nan. Hasali ma, idan aka duba jimillar ruwan shekara, wanda a Sakkwato yakan kama tsakanin milimita 600 zuwa 700, ya ɗan farfaɗo idan aka kwatanta da shekarun 1980. Yadda yake sauka ne ya sauya. A yi ruwan shuka a watan Yuni, gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke mako biyu ko uku, rana ta ƙone shi. Sannan a watan Agusta, lokacin malka, ruwan da ya kamata ya rarrabu cikin kwanaki ya zubo a dare ɗaya, ya kwashe ƙasar sama, ya kayar da ɗakunan laka. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya gano cewa manya-manyan hadarin nan masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel. Ga kuma wani abu: duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri ɗaya, tana iya riƙe ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100, kuma idan ta tashi saki sai ta sake shi gaba ɗaya. Ka dubi madatsar Goronyo. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta cinye garuruwa da gonaki a kwarin Rima, har ta yanke gadar da ke kai mutane mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 kuma ruwan madatsar ya janye har ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take ɗauka. Shekara takwas kacal tsakani. Manomin ƙasarku yana fama da ƙishirwa da ambaliya a gona ɗaya, wani lokaci a damina ɗaya.

Yanzu ka bi magidanci guda a ƙauyenku ka ga yadda abin ke cin sa. Ya girbe dammunansa a watan Oktoba. Ga bashin da ya ci da damina, ga suna, ga ɗinkin yara, ga magani. Ba shi da abin sayarwa sai hatsi, sai ya kai kasuwa a lokacin da kowa ke kaiwa, farashi na ƙasa. Kafin bazara rumbu ya yi sauƙi, ya tafi cin rani. Ruwa ya sauka, ya dawo ya yi shuka da ɗan irin da ya rage. Shukar ta ƙone. Maƙwabcinsa mai hali ya buɗe rumbu ya ɗebo wani irin ya sake shukawa washegarin ruwa na biyu, shi kuwa sai ya nemo kuɗin iri tukuna, kwana biyar sun wuce. Lokacin noman firi ya zo gidansa babu na tuwo, dole ya saɓa kalmensa ya tafi ƙwadago gonar wani, tasa gonar ciyawa da wuta-wuta suna cinye ta. A watan Agusta ya sayi tiyar geron da shi ya sayar da arha, da tsada mai yawa, da kuɗin akuyar matarsa. Ruwa ɗaya ne ya sauka a gonarsa da ta maƙwabcinsa. Bambancinsu shi ne ɗaya yana da damar sake gwadawa, ɗayan ba shi da ita.

Saboda haka ni da zan riƙe kuɗinku, kaso mafi girma rumbun tsimi zan kai shi. Ku sayi gero da dawa da kaka, ku adana, ku buɗe a watan Yuli da Agusta ku sayar wa mutanen ƙauyen tiya-tiya a farashin da ya mayar da uwar kuɗi da kuɗin dako da ɗan abin gyara, ƙasa da na kasuwa. Magidancin da ya san akwai inda zai auni hatsi da rahusa a cikin garinsu zai tsaya ya nome gonarsa a kan lokaci, kuma noman firi a kan lokaci yakan ƙara amfani fiye da abubuwa da yawa da ake kashe wa kuɗi. Sai dai in gaya maka gaskiya, irin waɗannan rumbuna da yawa an kafa su a Najeriya da Nijar sun kuma mutu, kuma kusan hanya ɗaya suke bi su mutu. Na farko bashi. Wani mai faɗa a ji ya zo ya karɓi buhu biyu zai biya da kaka, kunya ta hana a bi shi, na biyu ya gani shi ma ya zo. Ku sa doka tun ranar farko cewa kuɗi hannu ne, kuma akwai iyakar tiyar da gida ɗaya zai saya a mako, don kada ɗan kasuwa ya aiko yara su kwashe. Wannan dokar tana kuma tsare ku daga riba, domin bayar da tiya ɗaya a karɓi ɗaya da rabi da kaka haramun ne, ko da sunan ƙungiya aka yi shi. Wanda ba shi da ko na saye, a ware masa kaso na sadaka daban, a rubuta shi da sunan sadaka. Na biyu makulli. Ku sa kwaɗo uku, makullai a hannun mutum uku, ɗaya daga ciki mace ce da matan garin suka zaɓa da kansu, a kuma karanta lissafi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a duk wata. Na uku ƙwari. Geron da ba a sussuka ba yakan yi shekaru a rumbun laka mai kyau, wannan iyayenmu sun fi mu saninsa. Wake kuwa, da duk tsabar da aka sussuke, ku zuba su a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Idan aka ɗaure kowace leda da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu da kansu, ba sai an zuba maganin da ke kai mutane asibiti ba. Ku kuma sani akwai shekarar da farashi ba ya tashi da damina yadda aka saba, don haka kada ku zuba dukan kuɗinku a hatsi.

A gefen rumbun ku ware iri, wanda ba a taɓa shi sai shuka ta ƙone. Ku haɗa irin gida da mai saurin nuna. Geron SOSAT, wanda Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar wa manoman Najeriya, yakan nuna cikin kimanin wata uku, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya tana da nau'o'in wake na SAMPEA masu saurin zuwa. Amma kada ku ce wa kowa ya watsar da irin kakansa. Irin gida ya san ƙasar, karansa ya fi tsawo ga mai shinge da mai dabba, kuma wanda geronsa ya riga na kowa nuna shi kaɗai tsuntsaye ke taruwa a kansa. A raba gona, wani ɓangare wannan wani ɓangare wancan. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da kiyasin lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa har matakin ƙaramar hukuma. Ku da kuke birni kuna da waya da intanet, aikinku ne ku nemo na Gada ku mayar da shi Hausa ku aika da murya a WhatsApp, a faɗa a masallaci. Hasashe ne, yakan kuskure, gaibu sai Allah. Amma ya isa ya sa mai niyyar binne ya rage yawan irin da zai zuba a busasshiyar ƙasa.

Sai maganar itatuwa. Na san dalilin da ya sa dashe ke jan hankali: ana ganin sa, ana ƙirga shi. Amma ka tambayi duk wanda ya daɗe a aikin gona a arewacin Sakkwato abin da ke samun dashen da aka raba kyauta. Ana dasa shi a watan Agusta, ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba, ya fuskanci wata takwas babu ɗigo, saiwarsa ba ta wuce tsawon ledar da aka rene shi a ciki ba, ga awaki a sake, ga gara. Ba na kowa ba ne, don haka babu mai ɗaukar jarka ya kai masa ruwa a watan Afrilu.

Alhali kuwa gonakinku cike suke da itatuwan da ba su mutu ba. Sabara da kalgo da magarya da aduwa da gawo da ake sassabewa a ƙone kowace bazara, kututturansu na nan a ƙasa da saiwa mai zurfin gaske, shi ya sa suke sake tohowa duk shekara ba tare da an ba su ruwa ba. A 1983, a Maraɗi, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya ga dashen da suke yi yana ta mutuwa, ya lura da wannan, suka fara gwadawa da manoma. Hausawan can suka sa wa abin suna sassabin zamani. Ga yadda ake yi. Manomi ya zaga gonarsa kafin shuka ya zaɓi kututturan da yake so, ko da arba'in ne a hekta don farawa. A kowane kututture ya duba tohon da suka fi ƙarfi da miƙewa ya bar uku zuwa biyar, ya sare sauran da kaifin lauje ko gatari, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Waɗanda ya bari ya rage musu rassan gefe zuwa rabin tsawonsu, ya ɗaura musu jan ƙyalle alamar suna da mai su. Bayan 'yan watanni ya dawo ya sake gyarawa. Abin da ya sare ya zama itacen girki da abincin dabba tun a shekarar farko. Cikin shekara uku zuwa huɗu abin da yake ganin ciyayi ne ya fi shi tsawo. Ba a sayi dashe ba, ba a ɗebi ruwa ba. A yau an kiyasta cewa manoman Nijar, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram, sun farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 ta wannan hanya, itatuwa wajen miliyan 200. Mutanen nan Hausawa ne irinku, ƙasarsu ta fi taku ƙarancin ruwa.

Akwai darasi a cikin labarin da ya kamata ku riƙe. A yunwar 1984 an haɗa sassabin zamani da rabon abinci, mutane suka bar itatuwa kusan dubu 500 a gonakinsu. Da rabon ya ƙare aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Waɗanda suka bar nasu su ne suka ga amfanin, daga gare su abin ya bazu, manomi yana koya wa manomi. Ya kuma bazu ne sosai bayan mutane sun tabbata cewa itacen da suka rena nasu ne, ba za a ci su tara ba idan suka sari reshensa. Don haka kada ku biya kowa kuɗi don ya bar itace. Abin da za ku yi shi ne ku zaunar da hakimi da mai gari da liman da jami'in gandun daji na ƙaramar hukuma, a fito fili a ce wanda ya reni itace a gonarsa shi ke da shi, wanda ya sari na wani kuma ga hukuncinsa. Wannan zaman ya fi dashe dubu.

Wani zai ce inuwa tana hana gero. Ka nuna masa gawo. Shi da damina yake zubar da ganye, ya bar wa shuka rana, da rani kuma ya yi kore, dabbobi su taru a ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa suna zuba taki. Kowane tsohon manomi ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili cika. Sabara da kalgo kuwa, binciken da aka yi a Senegal ya nuna saiwarsu tana janyo ruwa daga ƙasa mai zurfi da dare ta sake shi a sama-sama inda saiwar gero take, shi ya sa geron da ke kusa da su ya fi jure tsayawar ruwa. Kuma ku tambayi mata. Su suka san nisan da ake tafiya neman itace yanzu, su suka san abin da wankan jego na kwana arba'in ke ci na makamashi. Idan an yi zaman da babu su, an bar waɗanda suka fi kowa buƙatar abin.

Dashe yana da wurinsa: harabar makaranta, asibiti, kasuwa, maƙabarta, ƙofar gida, inda za a ce wannan na wane ne, a kewaye shi da ƙaya, a ba shi ruwan alwala da na wanke-wanke. Darbejiyar da ke yi wa titunan Sakkwato inuwa da hannu aka dasa ta, haka layukan kare iska na kwarin Majiya a jihar Tawa da aka fara a 1975. Zafin bazara yana ƙaruwa, a watan Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma tsofaffi da jarirai ne ke fara jigata. Dashe ashirin da za su rayu a inda mutane ke zama sun wadatar a shekarar farko. Zogale kuma a cikin gida, a hannun mata.

Idan ƙauyenku yana da faƙo, ƙasar nan mai tauri da ruwa ke gudu a kanta ko ciyawa ba ta fitowa, to tassa ce maganinta. Da rani ake haƙa ramuka, faɗin kamar taƙi ɗaya da 'yan kai, zurfin kamar taƙi, tsakaninsu taku guda. Ƙasar da aka fitar a tara ta ta gefen gangare don ta tare ruwa. A zuba takin gargajiya cikin tafi biyu a kowane rami. Gara za ta zo cin takin ta huda ƙasar, ruwan farko ya taru ya nutse maimakon ya gudu, sai a shuka a ciki. Shukar tassa tana iya jure tsayawar ruwan da zai ƙone ta fili. Manoman Yatenga a Burkina Faso ne suka inganta dabarar, fitaccensu marigayi Yacouba Sawadogo, kuma a 1989 wasu manoma daga Illelar Nijar, ba tamu ta Sakkwato ba, suka je suka gani suka dawo da ita. Abin da ya biyo baya shi ne mutane suka fara sayen faƙon da a da ko kyauta ba a so. Amma aiki ne mai cin ƙarfi, hekta ɗaya takan ci awa 300 ko fiye, kuma lokacinsa ya zo daidai da tafiyar matasa cin rani. Nan kuɗinku zai yi amfani: diga da shebur, amalanken kai taki, da abincin gayya. A fara da gonakin gwauraye mata da marayu. A jigawa mai yashi kuwa kada a wahala, ramin cikewa yake yi. Can abin da ya dace shi ne barin kara a gona ya tare iska, da zuba takin zamani cikin marfin kwalbar lemo, kimanin giram 6 na NPK, a gindin kowace shuka maimakon watsawa.

Duk wannan ba zai tsaya ba idan babu makiyaya a cikin maganar. Tohon da aka rena dabba ce za ta fara kai masa baki. Ku gayyaci arɗo tun zaman farko, a tabbatar burtali da mashaya suna nan a buɗe, a dawo da tsohuwar al'adar nan ta saukar da shanu a gona da rani, makiyayi ya samu kara da harawa, manomi ya samu taki. Ba na kuma mantawa da halin tsaro a gabashi da arewacin jihar. Akwai garuruwan da gonakin nesa sun gagara zuwa. Ku tsara aikinku a gonakin da ke kusa da gari, kada ku yi bikin buɗe rumbu, kuma idan mutanen garin suka ce ajiye hatsi mai yawa wuri ɗaya haɗari ne, ku saurare su, a raba shi ko a ajiye wani a hedikwatar ƙaramar hukuma.

Jar akuyar Sakkwato ita ce asusun mace a ƙauye, kuma tana yawan haifar tagwaye. Fulani suna da al'adar habbanaye, a ba mutum aron macen dabba ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Ƙungiyar mata za ta iya juya wannan a tsakaninta, kamar yadda suke juya adashi. Sharaɗi ɗaya: rigakafi kafin rabo, musamman na annobar nan mai zuwa da majina da zawo da likitocin dabbobi ke kira PPR, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke yin allurarta. Raba awaki babu rigakafi asara ce.

Injin sola fa? Dalilin masu son sa mai ƙarfi ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mai ya zama babban nauyi ga mai noman albasa da tafarnuwa. Amma ka tambayi kanka su wa ke da fadama a ƙauyenku. Galibi ba su ne gidajen da muka fara magana a kansu ba. Sannan ruwan da ke ƙarƙashin fadama ba shi da zurfi, ambaliyar damina ce ke cika shi, kuma injin da ba ya shan mai babu abin da ke sa mai shi ya kashe shi. Idan kowa ya ja yini guda, rijiyoyin maƙwabta za su ƙafe kafin albasa ta ƙosa. Ga satar faranti, ga rashin mai gyara a kusa. Idan kun kai ga sayensa nan gaba, ya zama na rukunin manoma ne masu ƙananan filaye, da kuɗin haya da ake tarawa don gyara, da yaron gari da aka koya wa aikinsa. Ku kuma tuna mai albasa yakan yi asara a rudu, inda ake ajiye ta, wajen ruɓewa, fiye da yadda yake yi a gona, don haka gyaran ma'ajiya mai shan iska na iya fin ƙarin ruwa riba. Masu shinkafa a inda ruwa ke kwanciya su nemi FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017, suna jure nutsewa har kusan mako biyu.

Game da manyan kuɗaɗen sauyin yanayi da kuke ji a rediyo, haƙƙi ne ba alfarma ba. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. A 2009 a Kopanhagan ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, ba a cika ba sai 2022, kuma mafi yawansa bashi ne. A 2022 a Masar aka amince da asusun biyan asara da ɓarna, a 2024 a Baku aka sa sabon adadi na dala biliyan 300 a shekara nan da 2035. A gida akwai hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa da doka a 2015, Sakkwato na cikin jihohi 11 da take aiki, akwai kuma shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya da aka amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Ku nema, ku bibiya, ku tambayi wakilanku inda kason yankinku ya shiga. Irin waɗannan shirye-shirye sun fi sauraron ƙungiya mai rajista, mai asusun banki, mai littafin lissafi da aikin da za ta nuna a ƙasa. Haka Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, da attajiran garinku masu neman sadaka mai gudana. Amma kada ku dakatar da komai kuna jiran su.

Ga yadda zan jera shekarar. Yanzu, kafin komai, ku je ƙauyen ku yi zama biyu, na maza da na mata, kuna tambaya ba kuna sanarwa ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wataƙila su gaya muku rijiyar sha ce ta fi damun su, sai ku gyara lissafi. Da kaka ku sayi hatsi da iri, a kasuwanni daban-daban kuma ba rana ɗaya ba, don kada ku tayar wa talakan garin farashi da hannunku. Da sanyi, idan hanya da iyaka sun yi kyau, ku ɗauki nauyin manoma kaɗan da garin ke jin maganarsu, har da mata, su je su ga gonakin sassabin zamani da tassa da idonsu su yi hira da masu su. Daga Fabrairu zuwa Mayu a yi tassa da gyaran toho. A watan Yuli a buɗe rumbu. Ku bar akalla kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin a asusu ba ku taɓa ba, saboda daren da ruwa zai rushe ɗakuna a buƙaci tabarma da gidan sauro da maganin tsabtace rijiya kafin amai da gudawa su ɓulla. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.